Yashi muna da shi, kanwa muna da ita: me ya hana mu yin gilashi?

Akwai wani dattijo a kasuwar Kusiri da nake sayen kanwa a wurinsa duk sa'ad da uwargida ta aike ni. Rannan ina tsugune ina zaɓar ungurnu, sai baki ya suɓuce mini na ce masa: "Baba, ka san da irin kayan nan naka Rumawa suka riƙa yin gilashi shekara 2,000 da suka wuce?" Ya yi mini kallon wanda rana ta taɓa, ya ce kanwa dai ta kunu da miyar kuɓewa, wadda shanu ke lasa? Na ce ita fa. Ya ce da me ake haɗa ta? Na ce da yashi. Sai ya nuna kofin shayin da ke gefen tabarmarsa: "To Malam, yashi ga shi har cikin idonmu, kanwa ga ta jibge. Me ya sa ɗan kofin nan sai an ɗauko mana shi daga wata uwa duniya?"

Ban ba shi amsar kirki ba a ranar, don amsar tana da tsawo, kuma sai an fara sanin mene ne gilashin kansa.

Mai alewa ya fi kowa kusa da gane wannan. Sukari ƙwaya-ƙwaya yake, kowace ƙwaya da tsarinta. In aka narka shi a wuta aka bar shi ya huce da wuri, ba ya samun sukunin komawa ƙwaya. Sai ya daskare ya zama alewa mai ƙyalli wadda haske ke ratsawa, in ta faɗi ƙasa ta tarwatse. Haka yashi yake. Mafi yawan jikinsa wani sinadari ne da ake kira silika, kuma in ya narke ya huce ba tare da ya koma tsarinsa na farko ba, gilashi ke nan. Allah ma yakan nuna mana haka a fili: inda tsawa ta faɗa kan rairayin Sahara akan tono wasu bututu masu rassa, cikinsu sumul, yashin ne ya narke nan take. A hamadar da ke tsakanin Masar da Libiya kuwa akwai wani gilashi ruwan ɗorawa da ya samu kimanin shekara miliyan 29 da suka wuce, har an sassaƙa guntunsa aka sa a abin wuyan Fir'auna Tutankamun.

Sai dai yashi taurin kai gare shi. Ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700 a ma'aunin Salshiyas. Don a gane nisan tafiyar: masu narka alminiyam su zuba tukwane a Marwa da Njamena digiri 660 ya ishe su, maƙeran tagulla na ƙasar Kapsiki kuwa aikinsu bai kai 1,000 ba. A nan kanwa ke shigowa, kuma ba a banza Bahaushe ya kira ta uwar gami ba. In aka cuɗa ta da yashi, ita ce ke fara narkewa, ta riƙa cin ƙwayoyin yashin tana jan su cikin ruwanta, har a samu gilashi a zafin da bai wuce 1,100 ba in an yi haƙurin jira. Amma yashi da kanwa kaɗai gilashinsu ba ya jure ruwa, a hankali narkewa yake yi. Dole a sa na uku, wato farar ƙasa irin wadda ake samu daga dutsen da ake yin siminti da shi. Kwalbar lemon da ke hannunka, kusan kashi 72 cikin 100 yashi ce, wajen 14 sinadarin kanwa, wajen 10 farar ƙasa, sauran ƙananan abubuwa ne.

Wani marubucin Rum mai suna Filini, wanda ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, ya kawo labarin yadda aka gano abin. Wai wasu fataken kanwa ne suka sauka a bakin wani kogi a gaɓar tekun Sham, suka nemi duwatsun murhu suka rasa, sai suka girka tukwanensu a kan curin kanwar da suka ɗauko. Wuta ta ci, sai ga wani ruwa mai sheƙi yana kwarara daga ƙarƙashi. Labarin yana da daɗi, ni ma ina sonsa saboda murhun, amma wutar girki a fili ba ta kai wannan zafin, kuma mutanen Iraƙi da Masar sun riga sun iya yin ƙananan kwalabe tun wajen shekara 1,500 kafin Miladiyya. Abin da ke gaskiya a cikinsa shi ne kayan haɗin. Rumawa daga Wadin Natrun na Masar suke ɗibar kanwarsu, yashin wancan bakin teku kuwa cike yake da ɓarɓashin ƙumbar kifi, wanda ya ba su farar ƙasa ba tare da sun nema ba.

To mu waiwayo gida. Ungurnu daga kwarurrukan Kanem ake haƙo shi, gabas da arewacin Tafkin Chadi, kuma Baga Sola ta daɗe da suna a matsayin tashar da ake loda shi a jiragen ruwa zuwa ɓangaren Barno. Can Tibesti akwai wani makeken ramin tsohon dutse mai aman wuta da ƙasansa fari fat da kanwa. Dutsen farar ƙasa yana Figil, tsakanin Garwa da Marwa, inda ake yin siminti, yana kuma Bawore kusa da Pala. Yashi ba sai an faɗa ba. Ashe dattijon nan bai yi tambayar banza ba.

Amsa ta farko ƙarama ce: ba kowane yashi ba ne. Jan da kake gani a rairayinmu tsatsar ƙarfe ce, kuma ƙarfe ko kaɗan ne yakan rina gilashi kore ko ruwan ƙasa. Dubi gefen madubin taga, za ka ga kore-kore. Shi ne wannan. Mai son gilashi garau sai ya nemi farin yashi wanda ƙarfen cikinsa bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba, ya wanke, ya tankaɗe. Kanwar kasuwa ita ma gauraye take da gishiri da laka, yau ta zo da ƙarfi gobe ta zo salam. Masana'antu ba sa son haka, shi ya sa suke sayen tatacciyar hoda, ko dai wadda ake yi da gishiri da farar ƙasa bisa dabarar da Solbe ɗan Beljiyam ya fito da ita a shekarun 1860, ko wadda ake tacewa daga kanwar tafki. Kenya tana wannan aiki a Tafkin Magadi fiye da shekara 100, kuma abin da suke haƙa ɗan'uwan ungurnu ne na jini. Wannan matsala ce da wanki da tacewa ke magancewa.

Babbar amsar ita ce wuta. Maƙerin da ya iya zuga-zugi yana iya kai gawayinsa zafin da ake bukata, amma a wuri kamar tafin hannu, na ɗan lokaci. Gilashi kuwa so yake a riƙe masa zafin nan a ko'ina cikin tanderu, ba hawa ba sauka, dare da rana, har yashin ƙarshe ya narke, kumfar da ke ciki ta taso ta fita. Tsofaffin tanderun ƙasar Falasɗinu sukan yi kwana da kwanaki suna cin itace kafin su ba da curi guda mai nauyin tan 8 ko 9. A wani wuri da ake kira Bet She'arim har yau akwai irin wannan curin kwance, kusan tan 9, wanda farar ƙasa ta yi wa yawa ya lalace, masu shi suka bar shi nan. Ka auna itacen da ya tafi a banza.

Yanzu ka kawo wannan lissafi Sahel, inda mace ke yin tafiyar wuni don ɗaurin kirare. Mutanen Njamena ba su manta farkon 2009 ba, lokacin da gwamnati ta hana gawayi don ceton itatuwa, girkin tuwo ma ya zama aiki. Ƙasar da wutar tuwo ke da tsada, wutar gilashi ta fi ƙarfinta. A ganina wannan, fiye da rashin sani ko rashin kaya, shi ya sa kanwarmu ta riƙa tafiya ana yin gilashi da ita a wani wuri.

Ina nufin Bida, ƙasar Nufe. Masu sana'ar a can ana kiransu Masaga, kuma a tarihin da suke bayarwa na baka daga Masar kakanninsu suka taso, suka biyo ta Barno. Sukan haɗa yashin ƙasarsu da kanwar da fatake ke kai musu daga yankin tafkin nan namu, su dafa wani baƙin gilashi da suke kira bikini, su yi ƙarau da duwatsun wuya. Ƙarau ɗin da kakanninmu mata suka sa a hannu, da yawansa daga can yake. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin biranen da ta karrama saboda sana'ar hannu. Kafin Bida kuma akwai Ile-Ife. A wani kurmi da ake kira Igbo Olokun, binciken Abidemi Babatunde Babalola ya tono duwatsun ado kusan 13,000 da kaskon narki masu yawa, na tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Da aka auna sinadaransu sai aka ga haɗin bai yi kama da na Masar ko Sham ko Turai ba, wato a nan aka dafa shi daga tushe. Duk wanda ya ce baƙar fata bai taɓa yin gilashi ba sai dai ya saya, bai ji wannan ba. Ka lura kuma, Ife cikin kurmi take, Bida ma ba ta rasa itace.

Mu nan rabonmu saye da sayarwa ne, kuma mun iya. A tuddan mutanen Sao da ke kewayen Kusiri da Njamena masu tono sun sami duwatsun wuya na gilashi da aka kawo daga nesa. Akwai ma wani abin dariya: manyan duwatsun da ake yi a birnin Halil na Falasɗinu sun riƙa biyo ayari ta Masar har Darfur, maƙwabciyar Wadai. Da yayinsu ya wuce, a shekarun 1930, fataken Hausawa suka bi gida-gida suna saye a hannun matan Sudan da araha, suka goge bakinsu don su zauna daidai a zare, suka kai Najeriya. Har yau masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka "duwatsun Kano" suke kiransu, alhali ba a taɓa dafa ko ɗaya a Kano ba.

Sai batun busa, wanda shi ne ya fi ɗaukar ido. Shekara fiye da 1,000 ana yin kwalba ta hanyar naɗa narkakken gilashi a jikin curin laka, in ya huce a ƙwaƙule lakar. Aiki ne mai cin rai, shi ya sa sai sarakuna da attajirai ke mallakarta. A ƙarni na 1 kafin Miladiyya, a yankin Sham da Falasɗinu, wani ya gane cewa in ka hura iska cikin gilashi mai zafi kumbura yake kamar balan-balan. Mafi tsufan shaidar wannan a Ƙudus aka tono ta. Cikin ƙarni guda kofin gilashi ya shiga gidan talakan Rum.

Kayan aikin ba su canja sosai ba tun daga lokacin. Bututun ƙarfe ne mai tsawon mita 1 da 'yan kai. Mai busa zai tsoma bakinsa cikin kaskon da ke tanderu, ya murza, gilashin ya naɗo kamar yadda zuma ke naɗowa a tsinke. Daga wannan lokaci hannunsa ba zai daina juya bututun ba, don in ya tsaya ko na ƙiftawar ido ne, abin zai zubo gefe guda. Zai mirgina shi a kan faranti na ƙarfe don fatar waje ta ɗan yi sanyi ta riƙe siffa, sannan ya busa. Mutane suna zaton sai mai ƙaton ƙirji, amma ba haka ba ne. Iska kaɗan ake hurawa a toshe bakin bututun da babban yatsa, zafin da ke ciki shi ke faɗaɗa iskar ta tura bango. Gwaninta tana wurin sanin lokaci. Gilashi ba shi da wani zafi guda da yake narkewa a kai kamar ƙanƙara. Daga ruwa yake komawa kamar zuma, ya koma kamar alewar da ake ja, ya koma dutse, duk cikin abin da bai fi minti ɗaya ko biyu ba. Ana karanta shi ne ta launinsa da yadda yake lanƙwasa, in ya fara tauri a mayar da shi bakin wuta. Ana gyara cikinsa da jiƙaƙƙen katako ko jiƙaƙƙiyar takarda a tafin hannu, a matse wuya da wani dogon awartaki. In ƙasa ta kammala, sai mataimaki ya kawo sandar ƙarfe da ɗan ɗigon gilashi a bakinta ya manna a gindin, a ɗiga ruwa a wuyan, a ƙwanƙwasa bututun ya rabu, sannan a buɗe bakin kofin daga wancan gefen. Shi ya sa kofin hannu yake da tabo a gindi kamar cibiya. Kwalbar inji kuwa layi biyu za ka gani a gefunanta daga sama har ƙasa, inda ɓari biyun mazubin suka haɗu.

Launi daga ƙarafa yake zuwa: kobal yana ba da shuɗi mai duhu, jan ƙarfe shuɗi-kore ko ja, zinariya kaɗan ja kamar jini. Masu sana'ar Alƙahira a zamanin sarakunan Mamluk na Masar, ƙarni na 13 da na 14, sun kai ƙarshe wajen ado da waɗannan, suna yin fitilun masallaci da aka rubuta wa aya ta 35 ta Suratun Nur, wadda ta ambaci fitila a cikin gilashi.

Abin da mai kallo ba ya gani, kuma shi ke kashe yawancin masu gwadawa, shi ne sanyaya. Gilashi ba ya saurin miƙa zafi daga wannan gefe zuwa wancan. In aka ajiye sabon kofi a iska, waje zai daskare ya tsuke alhali ciki na nan da zafi, sai jikin ya ɗaure da wani ja-in-ja da ido ba ya gani. Yana iya fashewa nan take, yana iya kwana uku ya tsage shi kaɗai a kan kanta. Dole a sa shi a tanderu na biyu mai zafin wajen digiri 500, a bar shi ya huta, a riƙa rage wuta sannu a hankali na sa'o'i. Mai kauri sosai har kwanaki. Wato wuta biyu ke nan ake ciyarwa, ba ɗaya ba. Wannan hali nasa ne kuma ya sa mai shayi ke asarar kofi da sanyin safiyar hunturu: ciki ya sha tafasasshen ruwa ya buɗe, waje yana nan a sandare. Kuma mai kauri ya fi saurin tsagewa a kan siriri, saɓanin abin da ake zato. Kofunan Duralex na Faransa da masu shayi ke yabo dabara aka yi musu: an sake zafafa su aka busa musu iska mai sanyi da gangan, fatar waje ta matse cikin gam. Sukan jure faɗuwa, amma ranar da suka gaji sai su watse ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa, irin yadda gilashin ƙofar mota ke yi.

Sirrin sana'ar ya taɓa zama abin da hukuma ke gadi. A 1291 hukumar birnin Benis na Italiya ta kwashe tanderun gilashinta zuwa tsibirin Murano, daga baya ta hana gwanayen barin ƙasar. Daga baya inji ya zo ya sauya sana'ar. A 1903 Maikal Owens a Amurka ya fito da injin busa kwalba, a 1959 kuma kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana dabarar zuba gilashi a kan tafkin narkakkiyar kuza, ya shimfiɗu sumul kamar mai a kan ruwa. Kusan duk gilashin taga da ake yankawa a shagunan Garwa da Njamena ta haka aka yi shi.

Masana'anta irin ta yau tana dafawa a wajen digiri 1,500, kuma in an kunna tanderunta ba a kashewa sai bayan shekara 10 ko fiye, don in gilashin ya daskare a ciki an yi asarar tanderun. Ka ga ke nan tana bukatar gas ko lantarkin da ba ya ɗaukewa, da kasuwar da za ta shanye kwalabe dubbai kowace rana. Shi ya sa ta Kamaru, wato SOCAVER, take Duwala, kusa da teku da manyan kamfanonin abin sha, kusan kilomita 1,800 daga inda dattijona yake zaune. Chadi tana da matatar mai a Jarmaya tun 2011, akwai kuma gas a Sedigi, cikin Kanem ɗin da kanwar take. Wuta ta fara samuwa, amma kasuwar fa? Roba ta riga ta cinye rabin wurin kwalba, kuma ban ga attajirin da zai zuba kuɗinsa a tanderun da ba a kashewa a garin da lantarki ke zuwa yana tafiya ba.

Abin da na fi gani kusa shi ne ƙaramin aiki, kuma ba abin kunya ba ne. Ko a zamanin Rum wurare kaɗan ne a Masar da gaɓar Sham suke dafa gilashi daga yashi; sauran masu busa a faɗin daular curi suke saya da fasassun kwalabe su sake narkawa. Masagan Bida ma yau kwalabe suke narkawa, haka masu busa na Halil. Gilashin da aka riga aka dafa ya fi saurin narkewa, ba ya neman kanwa ko farar ƙasa, kuma ana iya maimaita shi ba iyaka. Mu kuwa fasassun kwalabenmu a kan katanga muke kafa su saboda ɓarayi, saura su tafi bola su yanke ƙafar yara. Sharaɗin dai shi ne a ware su: kore daban, fari daban, kada a haɗa kwalba da gilashin taga ko kwanon gilashi mai jure wuta, don kowanne da yadda yake tsukewa in yana hucewa, in an gauraya sai ya tsage. Gilashin kwalba kuma saurin daskarewa gare shi, don inji aka haɗa shi, saboda haka mai koyo ya fi samun sauƙi in ya fara da duwatsun ado kafin busa.

Mutanen Krobo na Gana ma ba sa busawa sam. Daka kwalbar suke yi a turmi har ta zama gari, su tankaɗe, su zuba a ƙananan mazubai na yumɓu, launi bisa launi. Tanderunsu da ƙasar suri suke gina shi, don tana jure wuta, kuma aikin bai kai zafin dafa yashi ba, ƙasa da sa'a ɗaya garin ya kama juna. A tsakiyar kowane mazubi sukan soka ɗan karan ganyen rogo. Wuta ta cinye karan, ta bar kafar da zaren jigida zai bi.